Zaman Kulle da Tarbiyyar Makarantar Kwana



A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Abuja da Legas saboda annobar korona, Kano ta bi baya cikin Afrilu. Mu ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa aka ce mu zauna gida. A haka azumi ya riske mu.

Abin da ya riƙe gidana shi ne horon da muka samu a nan. Na rubuta jadawali na liƙa a bango, kamar yadda ake mana a ɗakin kwana. Bayan asuba shara da wanki, da hantsi yara su saurari darasin rediyo. Ƙanena, wanda aka ɗage musu jarrabawar WAEC zuwa Agusta, na kafa masa karatun dare, ba fashi. Har shugaban ɗalibai yake kirana don tsokana!

Da la'asar kuwa noma. Na cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, na shuka alayyafo da kuɓewa. Cikin wata guda muka fara yankan alayyafo, alhali kasuwa sai ranar da aka buɗe. Malaminmu na aikin gona, wanda muka riƙa guje wa fartanyarsa, Allah ya saka da alheri.

Ɗazu na leƙa gonar makaranta, ciyawa ta cinye ta. Ina roƙon taron nan ya ware kuɗin fartanyu da iri kafin damina ta faɗi.