Asibitin Ƙullutun Wuya: Yadda Ingila Ta Rage Jiran Sanin Cuta



Bahaushe yana da sunaye da dama na kumburin wuya. Akwai kaluluwa, akwai maƙoƙo, akwai hangum. Amma suna dabam, sanin cuta dabam. Yawancin ƙullutun da ke fitowa a wuya ba na tsoro ba ne, kaluluwa ce da ke biyo bayan mura ko ciwon haƙori, ta sace da kanta. Wani kuwa tarin fuka ne ya kama kaluluwar. Wani kuma, musamman ga wanda ya haura shekara 40, shi ne alamar farko ta ciwon daji da ya ɓuya a maƙogwaro ko gindin harshe. Laluben hannu kaɗai ba ya iya rarrabe su.

A da, a Ingila, majiyyaci yakan ga likita yau, a ba shi wata rana ta ɗaukar hoto, wata ta gwaji, wata kuma ta jin sakamako. Kowace rana da layinta, cutar kuwa ba ta jira. Saboda haka a shekarar 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a ƙasar, ta ba da shawarar a kafa asibitoci na musamman domin masu ƙullutun wuya.

Tsarin shi ne a tara gwanaye wuri guda, rana guda. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai zura siririn bututu mai fitila ta hanci, ya duba maƙogwaro. Mai ɗaukar hoto zai haska ƙullutun da na'urar da ke aiki da amon sauti, ya soka siririyar allura, ya zuƙo ɗan abin da ke ciki. Masanin ƙwayoyin jiki zai duba shi nan take a madubin likita, in bai isa ba a sake ɗiba kafin majiyyaci ya tafi. Wannan dabara ta allura Martin da Ellis suka bayyana ta a New York a 1930, likitocin asibitin Karolinska na Suwidin suka inganta ta daga baya. Amfaninta shi ne kauce wa tsaga ƙullutu da wuƙa tun ba a san ko mene ne ba, domin yin haka kan dagula aikin da za a yi daga baya.

Duk da haka tsarin yana da iyaka. Allura ba kullum take ba da amsa ba. Dajin kaluluwa, alal misali, yakan bukaci a ciro tsoka. Masanan ƙwayoyin jiki kuma ba su wadata ba. A 2023 Ingila ta bar ƙa'idar ganin likita cikin mako 2, ta riƙe ta kwana 28, watau cikin wannan wa'adi a gaya wa mutum ko yana da daji ko babu.

Darasin ma'aikacin gwamnati a nan shi ne, galibin jinkirin daga tsarin aiki yake, kuma tsari abu ne da ofis ke iya gyarawa. Na ɗalibi kuwa, duk ƙullutun da ya wuce mako 3 bai sace ba, ko ya zo da dushewar murya ko wahalar haɗiya, a kai shi asibiti, kada a kai shi wurin wanzami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu lafiya.