Ƙuduji: a tuge shi tun bai zubar da iri ba



Maganar yau a kan ƙuduji take. Wasu na ce masa gaugai, wasu wuta-wuta. Daga Tawa zuwa Maraɗi har Damagaram, babu manomin hatsi da bai san furensa mai ja-ja ba.

Ƙuduji ba kamar sauran haki yake ba. Sauran haki daga ƙasa suke samun abincinsu. Shi kuwa saiwar hatsi da ta dawa yake kamawa, yana tsotse musu ruwa da abinci. Yakan yi wata guda ko fiye yana wannan ɓarna ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito fili. Shi ya sa ake ganin hatsi ya tsugune, ya ƙi girma, ko da ruwa ya wadata.

Irinsa ƙanana ne kamar ƙura. Gindi ɗaya yana iya zubar da ƙwaya fiye da 50.000. Ƙwayar tana iya kai shekara 10 cikin ƙasa ba ta mutu ba. Jira take yi, sai ta ji saiwar hatsi kusa da ita, sannan ta tsiro. Wanda ya bar shi ya nuna bana, ya bar wa ɗiyansa aiki.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A tuge shi da hannu da zarar ya fara fure, tun bai yi iri ba. A tara shi wuri ɗaya, a ƙone. Kada a yar da shi bakin gona.

2. A zuba taki. Gonar da ta gaji, nan ƙuduji ya fi ƙarfi.

3. A riƙa sauya shuka. Saiwar gujiya tana sa ƙwayarsa ta tsiro, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu. Wake ma haka yake yi wa ƙudujin hatsi, sai dai wake yana da nasa ƙuduji dabam.

4. A ɗebi irin shuka daga gonar da ba ta da shi.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Iska da ruwa da bisashe suna kai irinsa gonar maƙwabci. In gari ya yi gayya kowace damana, sannu a hankali zai ragu.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba da damana mai albarka.