Yaranmu da Goman Farko na Zulhajji: Jawabi a Taron Cika Shekara

An ce mu yi magana a kan tarbiyya, to mu ba malamai ba ne, 'yan kasuwa ne. Karatun ma sai da muka girma muka yi shi a ajin yaƙi da jahilci. Abin da muka gani a gidajenmu shi za mu faɗa, inda muka yi kuskure malamai su gyara mana.

Kwanakin baya muna zaune a rumfa, muka tambayi wasu yaranmu abin da alhazai ke zuwa yi a Makka. Ɗaya ya ce sayo dabino da bagaruwa. Wata ta ce sa haƙori. Babban cikinsu, ɗan aji shida, ya ce Alhaji ai mai kuɗi ne. Muka yi dariya, amma wallahi da muka koma gida abin ya tsaya mana a rai. Laifin wa? Kwana goman farko na Zulhajji, waɗanda Manzon Allah (SAW) ya nuna babu kwanakin da aikin alheri ya fi soyuwa ga Allah kamar su, su ne daidai lokacin da kasuwa ke ci. Mai atamfa ba ta zama, mai kayan miya ba ta zama, mai man gyaɗa ma haka. Mu fita da sassafe mu dawo bayan magariba a gajiye. Abin da yaro ke ji a bakinmu a kwanakin nan bai wuce kuɗin rago da rigimar tela ba.

Kujerar Makka kuwa kun san yadda ta yi tsada. Wasunmu sun shiga adashin gata na Hukumar Alhazai, Allah ya cika musu buri. Wasunmu kuma wataƙila har mu koma ga Allah ba mu je ba, kuma babu laifi, don ai wajibin a kan mai iko yake. To idan muka ce sai mun je mun dawo za mu koya wa yara, yaushe ke nan?

Akwai labarin da ya kamata a ce a bakinmu mata yaro zai fara jin sa, wato na Nana Hajara. Annabi Ibrahim ya bar ta da jaririnta Isma'ila a kwarin da babu shuka babu ruwa, bisa umarnin Allah. Guzuri ya ƙare. Ta hau Safa ta duba, ta sauko ta nufi Marwa, ta yi ta kai da kawowa har sau 7, sannan Allah ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Duk alhajin da ya je, sarki ne ko gwamna, sai ya bi sawun matar nan. Har wurin da ta yi gudu an sa fitilu kore, maza na sassarfa a tsakaninsu. Wace ce a cikinmu ba ta san tashin hankalin uwa ba idan yaro na kuka babu abin ba shi? Ku ba su labarin nan da daddare, ko ana tsinke zogale ne. Yarinyar da ta ji shi ba za ta sake kallon gorar Zamzam a matsayin tsaraba kawai ba.

Sai abin da muka gwada bara, kuma ya yi daɗi. Kwalin taliya muka samo, muka lulluɓe shi da baƙin ƙyalle a tsakar gida. Yara suka zagaya sau 7, kwalin na hagunsu, kamar yadda ake ɗawafi. Tabarma ɗaya ta zama Mina, ɗaya Arfa, bakin rijiya Muzdalifa. Aka bi da su a jere: ranar 8 Mina, ranar 9 Arfa, a kwana Muzdalifa, ranar 10 a yi jifa. Wajen jifan ne aka kusa fasa wa wani kai, don haka mai son gwadawa ta ba su ƙwallon takarda, kada ta ce ba mu faɗa ba.

Ranar Arfa kuma, don Allah ko rabin yini ne mu rage kasuwa. Azuminta ga wanda bai je ba yana kankare zunubin shekara 2, wadda ta wuce da mai zuwa. Manyan yara su yi tare da mu, ƙananan su kai azahar a yaba musu. Saudiyya ta riga mu da awa 2, saboda haka huɗubar masallacin Namira da hantsi take riskar mu, kuma yanzu har da Hausa ake fassara ta. A kunna talabijin ko waya, a nuna musu mutanen nan cikin fararen mayafai biyu, a ce su nuna mai kuɗi a ciki in za su iya.

Waɗanda Allah ya bar musu tsofaffi a gida, a zaunar da jikoki a gabansu. Akwai masu tuna kakanninsu da suka tafi a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su ƙara gaba, shekaru kafin su dawo. Wasu can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau suna jin Hausa.

Ranar layya kada mu kore su daga wajen aiki. A gaya musu dalilin yankan, sannan a ɗora musu kwanon nama su kai gidan da ba a yanka ba, su yi sallama da ladabi. Gidan da bai samu yi ba bana, uwa ta faɗa wa ɗanta gaskiya, kada a ci bashin da zai karya jari don gudun maganar maƙwabta.

Shawararmu ga shugabanni, taron mako na farkon Zulhajji a bari kowa ta zo da yaranta, a gayyato malamar Islamiyya ta gyara mana abin da muka koya musu. Kwali da baƙin ƙyalle mu za mu kawo. Allah ya kira mu ɗakinsa da mu da su.