Kafin Mu Sa Ɗalibai Cikin Kwalekwale



Lokacin yawon buɗe ido ya gabato, kuma wasu makarantunmu na shirin kai ɗalibai shan iska a kan ruwa. Ba mu manta da Bagwai ba. A watan Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau, aka rasa rayuka fiye da 20, akasarinsu yara. Lodin ya wuce kima.

Dokar hukumar NIWA a bayyane take: ba a tafiyar dare, ba a shiga jirgi sai da rigar kariya. Sai dai matuƙi kuɗin fasinja yake lissafawa, mu kuwa amanar 'ya'yan mutane aka damƙa mana. Mu ƙirga yaran da kanmu, mu tambayi adadin da jirgin ke ɗauka, in sun zarce a yi sawu biyu. Rigar babba ba ta tsare yaro, domin da zarar ya faɗa ruwa sai ta suɓuce ta kansa. Kada mu bari su miƙe, ko su taru a gefe guda don ɗaukar hoto.

In babu riguna, mu fasa tafiyar. Duk malamin da aka tuhuma a kan haka, reshe zai tsaya masa.