Ruwa Ba Ya Tsayawa a Shingen Magama

 A shingen iyaka na Magama jami'in kwastan yana iya tsayar da motar shinkafa har ta kwana, amma Gulbin Gada bai taɓa nuna wa kowa takarda ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar inda ake ce masa Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Gidan Rumji, sannan ya komo Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Maganata a yau ita ce, abin da ke ƙarar da fadamu da tafkunan wannan kwari aikin hannunmu ne, kuma yawancinsa a saman gulbi ake yin sa.

Fadama da ambaliya take rayuwa. In gulbi ya tumbatsa a watan Agusta, ya malala gefe, a cikin ciyawar da ya shanye kifi ke ƙyanƙyasa, laka ta kwanta ta zama taki, ruwa ya nutse ya cika rijiyoyin da mai lambu zai ja da rani. Madatsar Jibiya an yi ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, wato ta tare ambaliyar nan tun kafin ta ƙetare iyaka. Wani zai ce ai fari ne ke ƙarar da fadamar, damina ta ragu tun shekarun 1970. Gaskiya ne ta ragu. To amma an yi damuna masu albarka bayan nan, fadamar ba ta koma yadda take ba. Fari kuma ba shi ke sare itatuwan gaɓa a yi gawayi ba, ba shi ke kai garma har bakin ruwa ba. Ƙasar da aka tsiraita, ruwan sama ɗaya ya isa ya kwashe ta, yashin kuwa a tafki irin na Madarumfa yake sauka, tafkin da kaburburan waliyyai 99 ke kewaye da shi, yana cike shi a hankali.

Hujja mafi nauyi ta masu kare madatsar ita ce ta abinci: mai noman albasa da alkama a Jibiya ba mai laifi ba ne, madatsar ce ta ba shi rani. Ban ce a rushe ta ba. Sai dai mun ga abin da madatsun Tiga da Challawa suka jawo a fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwa ya daina bin lokacinsa, kacala ta toshe magudanai, masunci da makiyayi suka biya kuɗin ribar wani. Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan da suke tarayya a kansa cikin adalci, kuma Gada na cikin gulaben da aka ambata. Abin da ya rage shi ne jadawalin sakin ruwa a ƙarshen damina, wanda manomin Madarumfa zai san ranarsa tun kafin ya yi shuka.