Gano Maleriya da Haske a Busasshen Jini: Abin da Ya Rage Kafin Na'urar Ta Iso Gare Mu



Tun 1880 da Laveran ya hango ƙwayar maleriya a jinin wani soja a Aljeriya, ido ne alƙali: a shafa jini a gilashi, a rina, a leƙa ta madubin likita. Tsinken gwajin gaggawa ya zo ya rage wahala, sai dai yawancinsa furotin ɗaya yake farauta, wato HRP2. Ga shi kuwa an samu ƙwayoyin da suka daina yin wannan furotin, da farko a Peru, daga baya a Eritiriya, har ƙasar ta sauya tsinkenta a 2016.

Hanyar da zan yi magana a kai ba ta bukatar rini ko sinadari. Ana ɗiga jini a takardar tacewa, a bari ya bushe, a danna ɗigon a kan ɗan ƙaramin lu'ulu'u, sai a haska shi da hasken infarared wanda ido ba ya gani. Furotin da kitse da sukarin da ke cikin jinin, kowanne da rabon hasken da yake sha. Kafin minti ɗaya allo ya nuna wani zane mai tudu da kwari. Ƙwayar maleriya tana cin himogulobin, ta tara dusar da ake kira himozoyin, ta kuma sauya kitsen ƙwayar jinin da ta shiga, saboda haka zanen mai cutar ya ɗan bambanta da na mai lafiya. Bambancin ya fi ƙarfin idon mutum. Shi ya sa ake nuna wa kwamfuta ɗaruruwan zane waɗanda gwajin PCR ya riga ya tantance, har ta koyi rarrabewa.

A 2019 masu bincike na Cibiyar Lafiya ta Ifakara a Tanzaniya, tare da Jami'ar Glasgow, sun gwada haka da jinin mutum 296. Kwamfutar ta dace da PCR da kashi 92 cikin ɗari wajen gano ƙwayar maleriya nau'in falsifarum.

Adadin ya yi kyau, amma kada mu yi saurin tafi. Kwamfuta jinin da aka nuna mata kawai ta sani. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana da gadon sikila. Yaron da ake kawowa asibiti a watan Satumba, tafin hannunsa fari fat, jininsa ba irin na ƙosasshen babban mutum ba ne, hasken nan kuwa furotin yake karantawa. Ga kuma ruwa, wanda ke shan infarared kamar me. Ɗigon da ya bushe cikin hunturun Kano da wanda ya kwana cikin laimar Agusta ba lallai su ba da zane iri ɗaya ba.

Don haka shawarata, kafin a yi zancen sayen na'ura, asibitocin koyarwarmu su fara tara busasshen jini damina da rani, da izinin masu shi. A jikin kowane ɗigo a rubuta sakamakon PCR, da yawan jinin mai shi, da rukuninsa na AA ko AS ko SS, da kuma awa nawa takardar ta yi tana bushewa.