Dafin Fumfuna Da Abin Da Ya Ke Yi Wa Hanji

Jama'a, kowa a cikinku ya san fumfuna, wadda ta kan fito jikin hatsi in an zuba shi rumbu bai bushe ba. To, ku sani waɗansu irinta suna zuba dafi cikin ƙwayar hatsi. Ido ba ya ganinsa, dafuwa kuwa ba ta kashe shi.

Masana sun fi binciken wannan al'amari a jikin alade, don dalili biyu. Na farko, hanjinsa ya yi kama da na mutum ƙwarai. Na biyu, cikin dabbobin gida shi ne dafin nan ya fi saurin kamawa. Shanu da tumaki suna da waɗansu ƙananan halittu cikin tumbinsu masu rage masa ƙarfi, alade kuwa ba shi da irin wannan tumbi.

A shekarar 1972 masara ta yi fumfuna a Amurka. Aladu suka ƙi cinta, waɗansu da suka ci suka yi ta amai. A 1973 masana suka fid da dafin daga cikin masarar, suka sa masa suna dafin amai. A taƙaice ana ce da shi DON.

Ga yadda ya ke ɓarna. Bangon hanji ƙwayoyin halitta ne ƙanana, jere a layi ɗaya tak, manne da juna kamar tubalan katanga. Aikinsu su tsotsi abinci su miƙa wa jini, su kuma tare cuta. Ba su daɗewa, cikin 'yan kwanaki sababbi kan maye gurbin tsofaffi. In dafin ya shiga ƙwaya, sai ya tsai da wurin da ta ke ƙera furotin, watau abin da jiki ke ginuwa da shi. Sa'an nan abin da ya manne ƙwayoyin ya saki, katanga ta yi kafa, ƙwayoyin cuta su sami hanya. 'Yan tsirgogin da ke cikin hanji masu tsotsar abinci su gajarce. Dabba tana ci, amma ba ta ƙiba. Sabo da haka a 2006 hukumar ƙasashen Turai ta ba da shawara kada dafin nan ya wuce miligiram 0.9 cikin kilo guda na abincin alade, watau bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba.

Kada wani ya ce wannan maganar masu kiwon alade ce kaɗai. A ƙasashenmu masu zafi akwai wani dafin fumfuna, sunansa aflatoksin, mai kama gyaɗa da masara, ya kan lalata hanta. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar gyaɗa mai dafin nan. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya sabo da masara.

To, ga abin yi. Ku girbe amfanin gona da zarar ya nuna. Ku shanya shi bisa tabarma, ba bisa ƙasa ba, har ƙwaya ta riƙa ƙaras in an ciza. Ku tsince mai huji da wadda ta sake launi, ku ƙone. Ku gyara jinkar rumbu tun damina ba ta faɗi ba. Hatsin da kuka ƙi ci, kada ku ba dabba, gama saniyar da ta ci aflatoksin ta kan fid da shi cikin nononta, nonon nan kuwa 'ya'yanku za su sha.